Ranar da Gwadabe Ya Daidaita Bindigar Suwaiba

Duk wanda ya san Malam Gwadabe kafinta a Rikkos ya san shi da hali guda biyu. Na farko, ba ya iya ganin abu a karkace ya wuce. Ya taɓa shiga gidan rasuwa ya tarar kalanda ta karkata a bango, sai da ya tsallake ƙafafun mutane ya gyara ta kafin ya zauna ya yi gaisuwa. Na biyu kuwa tsoron bindiga. Wannan ba sai an yi wa mutumin Jos bayani ba. Ko yara suka kunna nokawut, abin fashewar nan na wasa, lokacin Kirsimeti, Gwadabe sai ya rufe shago ya koma gida ya ƙirga iyalinsa.

To, sai ga shi Allah ya jarrabe shi ta wurin 'yarsa ta fari, Suwaiba, wadda ke karatu a jami'a can Naraguta. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, don haka Mamana yake kiranta. Wata rana ta dawo ta ce ta shiga ƙungiyar wasan harbi.

"Wasan me?" in ji shi.

"Harbi, Baba. Takarda kawai muke harbi."

"Me takardar ta yi muku?"

Ta yi masa bayani cewa ƙaramar bindiga ce ta iska, babu albarushi, harsashinta ɗan dalma ne bai fi ƙwayar dawa ba. Gwadabe ya ce shi bai taɓa jin an ce ga bindiga mai hankali ba. Ya kawo mata shawarar ƙwallon hannu, ya kawo gudu, har dara ya kawo. Matarsa Hasiya ta ce, "Malam, ka bar yarinya. Kai ma ai da zarto kake wuni, wa ka taɓa yankawa?"

Daga nan gidan ya canza. Kullum da safe Suwaiba na tsakar gida riƙe da dutsen guga na gawayi, ta miƙe hannu da shi tana kallon bango, wai tana ƙarfafa damtse. Gwadabe idan zai wuce sai ya zagaya ta bayanta, duk da ya san dutsen guga ne.

Ana haka aka sa ranar gwaji. Za a zaɓi 'yan wasan da za su tafi gasa ta ƙasa, Suwaiba kuma ta sa ranta a kai fiye da yadda ta taɓa sa shi a kan komai. Gwadabe kuwa bai ɓoye ba, ya faɗa a gaban kowa cewa shi addu'arsa Allah ya zaɓa mata abin da ya fi alheri, ya kuma faɗa da irin muryar da kowa ya gane wane alherin yake nufi.

Ranar Juma'a, ana gobe gwajin, Suwaiba ta shigo da baƙin akwati. Mai koyar da su, Madam Theodora, ta ba ta bindigar ƙungiya ta kwana da ita don ta saba da nauyinta a hannu, ba tare da harsashi ko ɗaya ba. Ta buɗe ta nuna wa uban. Ga wani zaren roba mai ruwan lemo an zura ta bakin bindigar ya fito ta baya.

"Ka ga wannan zaren, Baba? Muddin yana ciki, babu komai a cikinta. Ko yaro ya gani ya sani."

"Na gani. Rufe."

Ta yi atisayenta, ta ajiye akwatin a ƙarƙashin gadonta, ta tafi kitso. Hasiya kuma ta tafi barka.

Gwadabe ya dawo daga masallaci ya tarar gidan shiru, daga shi sai akwati. Ya zauna, ya kasa zama. Ƙarƙashin gado ai nan ɓarawo ke fara leƙawa. Ya ɗauke shi ya sa a bayan buhun masara. Sai ya tuna ɓeraye. Ya mai da shi cikin kwabar kwanukan Hasiya. Sai ya tuna maƙwabta na zuwa aron kwano, kuma idan matar maƙwabci ta ga bindiga a gidan Gwadabe, kafin la'asar labari ya kai Anguwan Rukuba cewa ya tara makamai. Daga ƙarshe ya taka kujera zai ɗora shi a kan wardirof. Kujerar da kansa ya yi ta, ba ta da laifi. Silifas ɗinsa ne ya zame.

Akwatin ya faɗo ya buɗe, bindiga ta fito ta kwanta a kan leda.

Gwadabe ya daɗe manne da bango kafin ya yarda ba abin da ya fashe. Ya matso a hankali ya ɗauke ta da yatsa biyu. Zaren yana nan. Babu tsaguwa, babu lotsawa. Har ya fara hamdala, sai idonsa na kafinta ya sauka a bayan bindigar. Akwai wani ɗan faifan ƙarfe mai tsaga a tsakiya, wanda mai harbi ke leƙawa ta ciki ya daidaita da ɗan tsinin da ke can bakin bindiga. Shi ne saiti. Kuma wannan faifan ba a tsakiya yake ba. Ya gusa dama. Kaɗan ne, amma ga Gwadabe kamar ƙofa ce ta fita daga firam.

Ya ɗauko rula ya auna. Ya sake aunawa. Gumi ya keto masa duk da sanyin damina.

Ba lalacewar ce kaɗai ta tayar masa da hankali ba. Shi ne fa mutumin da ya yi ta cewa ba ya son wannan wasa. Idan Suwaiba ta dawo ta ga bindigarta ta karkace ana gobe gwaji, wa zai gaya mata ba da gangan ba ne? Ko Hasiya ba za ta yarda ba.

Mutum ɗaya ya faɗo masa a rai: Dantong mai walda a Anguwan Rukuba. Sun daɗe suna aiki tare, Dantong na yin ƙarfen ƙofa, Gwadabe na yin katakonta. Ya zuba dankalin Turawa a jakar bagko, ya binne akwatin a tsakiya, ya tari keke napep.

A hanya suka zo shingen jami'an tsaro. Ba wanda ya tsayar da su. Jami'in ma wayarsa yake dannawa. Amma Gwadabe ya leƙo da kai ya ce da ƙarfi, "Ranka ya daɗe, dankali ne!"

Jami'in ya ɗago ya dube shi. "Baba, wa ya tambaye ka?"

"Babu. Na ce dai ka sani."

"To, a ci lafiya."

Mai keke ya ja, yana kallon Gwadabe ta madubi har suka isa.

Dantong na ganin abin da ya fito daga cikin dankali ya ja da baya har ya taka wayar walda. "Oga Gwadabe! Kai da ko nokawut ba ka so? Yaushe ka shiga wannan layi?"

"Rage murya, don Allah. Ta Mamana ce. Ta wasa ce."

Ya gaya masa duk abin da ya faru. Suka ja ƙofar shago rabi. Gwadabe ya nuna masa zaren, ya ce alama ce babu komai a ciki, amma duk da haka ya sa aka kawo bokitin yashi, ya ce bakin bindigar kada ya kalli ko'ina sai cikin bokitin nan. Dantong ya rufe ido ɗaya ya leƙa saitin.

"Gaskiya ya karkace. Ƙaramin aiki ne. Kawo."

Ya nufi bayis, wannan matsin ƙarfe da ke kan teburinsa, ya fara buɗe masa baki.

"Me za ka yi?"

"In matse shi mana, in ba shi hamma ɗaya. Ɗaya tak, oga. Zai koma gidansa."

Gwadabe ya rungume bindigar a ƙirji, shi da ɗazu da yatsa biyu yake riƙe ta. "Ba za ka matse ta ba. Ka manta kwaɗon ƙofar nan da ka matse a bayis ɗin nan? Waje lafiya lau, ciki sifirin ya mutu. Wannan ma ai tana da 'yan hanji. Taɓa ka ji, jikin ba kauri."

"Kwaɗon nan tun daga kanti da ciwonsa ya zo."

"Dantong, ka ji tsoron Allah."

"To mu naɗe shi da tsumma."

"Tsumma zai hana cikin lotsewa?"

Suka yi ta ja. Dantong ya sauko daga babbar hamma zuwa ƙarama, daga ƙarama zuwa guntun katako. Gwadabe ya ƙi duka. Ya cire rigar sanyinsa ya ninke a kan tebur, ya kwantar da bindigar a kai kamar jaririn da za a yi wa aski, ya sa tabarau ya duƙa. A nan ne ya ga wani ɗan sukuru a gefen saitin, ƙarami, mai tsaga a kai.

"Duba nan. Wanda ya ƙera abin nan bai sa sukuru don ado ba."

Dantong ya ɗan ji haushi da aikin ya fita daga hannun hamma, amma ya lalubo siririyar sukundireba wadda bakinta ya zauna daidai cikin tsagar. Kafin Gwadabe ya murɗa, hannunsa ya tafi bayan kunne da kansa ya zaro fensir. Tun yana koyon aiki bai taɓa gusar da abu ba sai ya ja layi a inda yake. Ya ja ɗan siririn layi a jikin baƙin ƙarfen, daidai gefen faifan.

"Wa zai ga fensir a kan baƙi?" in ji Dantong.

"Ni."

Ya murɗa a hankali. Sukurun ya ce ƙyas. Su biyun suka daskare. Ba abin da ya faru. Ya ƙara, ƙyas, faifan ya ɗan matsa hagu. Haka ya yi ta yi, yana murɗawa yana aunawa da rula, har tsagar ta zauna a tsakiya cif, ba ta fi kusa da dama ba, ba ta fi kusa da hagu ba.

Dantong ya leƙa ya gyaɗa kai. "Ko kamfani sai haka."

Gwadabe ya bar masa dankalin ya koma gida da akwatin a cikin jaka, ya mai da shi ƙarƙashin gado. Da Suwaiba ta dawo da sabon kitso, ya tambaye ta ko ta gaji har sau uku.

Washegari Hasiya ta ce sai ya raka 'yarsa. Ya so ya ce yana da ƙofar da zai kafa, amma wani abu a ransa na son ya ga aikinsa, don haka ya sa babbar riga suka tafi. Wani dogon zaure ne can wajen Naraguta, da benci a baya don 'yan kallo. Masu harbi sun jeru, kowa da teburinsa, takardun kuma na can nesa, kowace da baƙin tambari a tsakiya. Wurin shiru kamar ɗakin jarrabawa. Alƙalin wasa ya ce za a ba su ɗan lokaci na harbin gwaji wanda ba a ƙirgawa, daga nan a fara na gaske.

Suwaiba ta cire zaren, ta tsaya a gicciye, ta sa hannu ɗaya a aljihu, ta ɗaga bindiga. Gwadabe ya toshe kunnuwa. Abin ya ce tas, bai fi ƙarar karya tsinken tsintsiya ba. Ya sauke hannuwansa yana duba ko wani ya gan shi.

Ta harba kaɗan, ta jawo takardar ta duba. Daga inda yake zaune ya ga kafaɗunta sun sauka. Baƙin tambarin lafiyarsa lau, ko ƙwarzane babu. Hudojin duk suna can hagu, a farin takarda. Ta sa sabuwa, ta goge tabarau, ta gyara tsayuwa, ta sake. Hagu. Ta yarfe hannu, ta ja numfashi, ta sake. Hagu dai. Lokaci na tafiya, ita kuwa tana ta neman laifin a jikinta.

Madam Theodora, wata gajeriyar mace mai usur a wuya, ta kira ta baya, dab da bencin da Gwadabe yake. Ta karɓi takardun ta duba.

"Suwaiba, dubi nan. Duk a wuri ɗaya suka taru, ko murfin kwalba zai rufe su. Hannunki lafiya yake. Wani ya taɓa saitin nan?"

"Babu, Ma."

"Kin tabbata? Na san mun gusar da shi dama saboda idonki da yadda kike riƙo."

Gwadabe ya gyara zama a kan benci.

"Wallahi babu, Ma," in ji Suwaiba. "A gidanmu ba mai zuwa kusa da ita. Babana ko akwatin ba ya iya kallo."

Madam Theodora ta dubi agogo. Ta ce sake saiti daga farko sai an yi ta harbi ana gyarawa, lokacin gwaji kuma ya kusa ƙarewa. Sai dai su yi kirdado.

Gwadabe na zaune, komai ya fito masa fili. Ashe ba faɗuwa ce ta karkatar da saitin ba. Dama can a karkace yake, don a karkacen ne yake daidai da idon 'yarsa. Shi ne ya zo da rula ya ɓata. Sannan wata murya ta raɗa masa a kunne cewa ai ga abin da yake roƙo ya zo har gida. Abin da zai yi kawai shi ne ya yi shiru. Yarinya ta faɗi, ta huce, ta koma karatunta, bindiga ta bar gidansa har abada, ba wanda zai sani sai Dantong, shi kuma ya ci dankali.

Ya dubi Suwaiba. Tana cizon leɓe irin yadda take yi tun tana ƙarama idan ba ta son a ga kukanta.

"Ni ne!"

Muryar ta fito fiye da yadda ya yi niyya. Duk zauren ya waiwayo. Wani mai harbi ya sauke hannu yana harararsa. Alƙalin wasa ya ce, "Baba, a yi shiru don Allah."

"Yi haƙuri, ranka ya daɗe. Amma ni ne. Ni na miƙe ta."

"Ka miƙe me?" in ji Madam Theodora.

"Abin leƙawar. Na gan shi a karkace."

Madam Theodora ta dafe kai. "Da me ka taɓa shi, Baba? Kada ka ce mini hamma."

"An so a sa hamma, na hana. An so a matse ta a bayis, na hana. Sukurun gefe kawai na murɗa."

"To, Allah ya taimake mu, cikinta lafiya. Sau nawa ka murɗa?"

"Ban ƙirga ba."

Madam Theodora ta juya za ta tafi.

"Amma na ja layi."

Aka nemi izinin alƙali, Suwaiba ta mai da zaren cikin bindigar, aka bar Gwadabe ya matso teburin. Ya ƙi taɓawa. Ya ce ta ɗan kwantar da ita gefe, bakin na kallon takarda, yadda hasken taga zai bugi ƙarfen. Sai ga ɗan siririn layin fensir yana ƙyalli a kan baƙi.

"Nan yake da, Mamana. Gefen faifan a kan layin nan yake."

Suwaiba ta ɗauki sukundirebarta daga akwati ta fara murɗawa. Ƙyas, ƙyas. Gwadabe na tsaye yana kallon aikinsa mai kyau yana komawa karkace, har sai da ya kau da kai. Da faifan ya hau layi ya ce, "Tsaya."

Harbi ɗaya ya rage mata kafin alƙali ya busa. Ta ɗaga hannu. Tas. Baƙin tambari ya huje.

Gwadabe ya koma benci ya zauna a kan hannuwansa har aka gama. Suwaiba ba ta zo ta ɗaya ba, firgicin safe bai gama sakinta ba. Amma da aka karanta sunayen masu tafiya, nata ne na ƙarshe a ciki.

A cikin keke suna komawa, suka wuce shingen jiya. Akwatin na kan cinyarta a fili, ba wanda ya ko kalle su. Gwadabe ya yi gyaran murya.

"Mamana, ba da gangan na yi ba."

"Na sani, Baba."

"Ta yaya kika sani?"

"Da ka yi shiru ai shi ke nan." Sai dariya ta kuɓuce mata. "Amma a cikin me ka kai ta wurin Baba Dantong?"

"Wa ya ce miki Dantong?"

"Wa kuma zai ce a sa hamma?"

A satin ya ƙera mata akwatin katako mai soso a ciki, ya sa kwaɗo, ya miƙa mata makullan duka biyu. Da ya kai wa Madam Theodora ta gani, ya ja ta gefe ya tambaye ta a hankali ko ba za a iya barin saitin a tsakiya ba, a kai yarinyar asibiti a gyara idon. Ta ce a'a. Ya ce to, tambaya dai ya yi.

Ranar tafiya, Suwaiba ta buɗe akwatin a tsakar gida tana duba kayanta. Gwadabe ya zo wucewa, idonsa ya sauka a kan faifan nan da ya gusa dama. Ya tsaya. Yatsunsa suka fara motsi.

"Malam," in ji Hasiya daga bakin murhu.

Ya zura hannuwansa biyu cikin aljihu, ya wuce ɗaki, ya gyara kalandar da ba abin da ya same ta.